Yadda zaka yi in ɗan sanda ya tare ka a hanya, ko ya zo zai caje gidanka

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina cewa zan yi wannan rubutun ina ɗagawa, sai shekaranjiya da ƙanin wani abokina ya kira ni wajen sha ɗayan dare yana haki wai an tafi da yayansa kuma ko caji ofis ɗin da aka kai shi bai sani ba, na ce toh bari dai in zauna in rubuta kowa ya samu. In faɗa tun da wuri kar a ɗora min rigar da ba tawa ba, ni ba lauya ba ne, akawu ne ni a ofishin lauya, ni ake aika kai takarda kotu, ni ake tasowa in an kama wani, shekara da shekaru ina wannan zirga-zirgar har takalmina ya san hanyar caji ofis da kansa. Kuma abinda zan faɗa dokar Najeriya ce, 'yan uwanmu na Nijar da Ghana da Kamaru taku daban ce, ku ɗauki dabarar amma ku bar lambobin sashe.

KAYAN DA ZAKA TANADA TUN RANAR BATA ZO BA

Katin shaida, ko wanne kake da shi, takardar NIN ko katin zaɓe ko lasisin tuƙi ko katin makaranta in ɗalibi ne kai. Yana rage tsawon magana sosai, wanda ya zaro kati minti biyu ya wuce, mai "wallahi na manto shi a ɗayan wandon" sai a ce ya koma gefe. In kana tsoron na asalin ya ɓata ka yi fotokwafi ka sa a leda.

Lambar waya guda biyu a cikin kanka, ba a cikin waya ba. Wannan ta fi komai a wajena. Da zarar an kai ka bayan kanta za a karɓe wayar da bel da agogo, sai a ce wa za a kira maka ka yi zuru saboda ko lambar matarka baka haddace ba, na ga manyan mutane masu furfura a wannan halin. Ɗaya ta zama ta ɗan uwa mai ɗaga waya ko tsakar dare ne, ɗaya ta lauya, in baka da lauya toh ta wani babba a unguwa ko shugaban ƙungiyarku ta kasuwa ko ta direbobi. In haddar ta gagara rubuta a 'yar takarda ka cusa a hula.

Takardun abin hawa in kana tuƙi, lasisi, inshora, takardar mallaka, duk masu rai ba waɗanda suka mutu bara ba. Sai rasit na waya ko kwamfuta in kana yawo da su, musamman ku masu gyaran waya da ke ɗaukar wayoyin kwastoma uku huɗu a jaka, ku riƙa rubuta sunan mai ita da lambarsa a littafi kuna tafiya da littafin. In rasit ya ɓata, kwalin wayar da ke gida mai lambar IMEI a jiki yana taimako.

Sai biro da takarda, sai makulli a kan wayarka, sai kuma sanyin rai, wanda shi ba a sayar da shi a kasuwa.

ƊAN BAYANIN DOKA, KAƊAN KAWAI

Kundin tsarin mulkin 1999 babi na huɗu shi ne gidan haƙƙoƙin nan. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Sashe na 35 shi ne na 'yancin walwala, a nan aka ce wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Sashe na 36 ya ce kai mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Amma akwai sashe na 45 da mutane basa karantawa, shi ya ba da dama a yi dokar da zata taƙaita sirrin nan saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, shi yasa ɗan sanda yake da ikon bincike, abin dai shi ne da sharaɗi. Sharuɗɗan suna cikin dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu, da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 wadda lauyoyi ke cewa ACJA. Ita ACJA ta tarayya ce, jihohi sun yi nasu da suka kusa zama iri ɗaya da ita, Kaduna a 2017, Kano a 2019, saboda haka lambar sashe tana iya bambanta a jiharku.

Abu ɗaya nake so ya zauna maka kafin mu shiga matakai. Masu kallon finafinan Amurka sun saba ganin alƙali ya yi watsi da hujja saboda an samo ta ta binciken da bai halatta ba, sai su ɗauka nan ma haka ne. A'a. Dokar shaida ta 2011, sashe na 14 da 15, ta ce hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba ana iya karɓarta, sai in alƙali ya auna ya ga watsi da ita ya fi. Ma'ana in an ce an samu ƙunshin wiwi a ƙarƙashin kujerar motarka, cewa "ai basu da waranti", wato takardar izinin bincike, ba lalle ta fitar da kai ba. Don haka kare kanka a lokacin binciken ake yi, da idonka da shaidu da takarda.

MATAKI NA 1: AN CE KA TSAYA

Ka tsaya. Kar ka gudu ko da kana da gaskiya kamar me, mai bindiga ne a bayanka. In da daddare ne a mota kunna fitilar ciki, rage sautin rediyo, hannuwanka su kasance inda ake gani, kar ka fara laluben aljihu ko ƙarƙashin kujera kafin a ce ka kawo wani abu. Ka gaishe shi, "sannu da aiki Yallabai", ba faɗuwa ba ce. Kana gaisuwar kana karanta sunan da ke ƙirjinsa da lambar motarsu kana ajiyewa a ka.

Dokar 2020 ta ce kafin ya caje ka dole ya kasance cikin kaki ko ya nuna katin aikinsa, ya faɗa maka sunansa da ofishin da ya fito da abinda yake nema da dalilin da yasa yake zarginka. Kuma ta faɗa ƙarara cewa launin fata, shekaru, irin askinka ko irin shigarka basa zama dalilin zargi, wato gashin dada ko yagaggen wando ko kasancewarka matashi mai babbar waya ba hujja ba ce. Yadda zaka nemi wannan haƙƙin shi ne da tambaya, "Yallabai dan Allah me ake nema, ko zan iya taimakawa?", "daga wane ofis ne Yallabai?". Da yawa daga nan suke gane ba baƙauye suka tare ba sai su sassauta.

In mutanen cikin kayan gida suke, mota ba lamba ba rubutu, kuma sun ƙi nuna kati, ka ce musu cikin ladabi a ƙarasa inda akwai haske da jama'a ko a tafi caji ofis mafi kusa, ka kira mutuminka ka faɗa masa inda kake suna ji. Ɗan sandan gaskiya wannan bata dame shi ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne "ka san ko ni waye", sai kuma karanta musu doka da ƙarfi. Ni kaina na ci wannan. Farkon fara aikina na je belin wani yaro, na tsaya a kanta ina bubbuga katako ina jero sashe na 35 kamar mai hadda, wani kofur mai shan shayi ko ɗago kai bai yi ba, ya ƙarasa shayinsa tsaf ya ajiye kofin sannan ya ce "Malam zagayo nan ka cire takalminka", na yi awa uku a kan benci kusa da wanda na zo ceto har sai da maigidana ya zo da kansa, kuma dariyar da ya yi min a mota ta fi zaman ciwo. Dokar da na karanta daidai ce, wurin da muryar ne ba daidai ba.

MATAKI NA 2: CAJIN JIKI, JAKA DA MOTA

In ya ce zai caje, ka roƙa kai zaka fito da kayan aljihunka da hannunka ka juyo aljihun waje ya gani. In akwai kuɗi ka faɗi adadinsu a fili mutane su ji, "Yallabai dubu arba'in da biyu ne a nan kuɗin kayan shago". Mota kuma kai zaka buɗe but, ka tsaya a wurin idonka a kan hannunsa, in sun kai uku kowa ya nufi ƙofa ɗaya ka ce "dan Allah a bi ɗaya bayan ɗaya don in gani", in akwai fasinja ka sa shi ya tsaya ta ɗayan gefen. Kar ka yarda a ja ka da hira can gaba ana bincike a baya.

Mace, mace 'yar uwarta ce zata caje jikinta, cikin mutunci, sai dai in gaggawa ta hana samun mace. Ke 'yar uwa in namiji ya nufo ki ki ja baya ki ce "Yallabai a kira min mace", jaka kuma ki buɗe da kanki.

In kana ganin binciken ba dalili, kar ka riƙe masa hannu ko ka ture shi, nan take magana zata koma hana jami'i aiki, wanda shi laifi ne mai zaman kansa. Abinda zaka yi ka faɗa a fili gaban shaidu, "ni ban yarda da wannan binciken ba amma bazan hana ku ba". Ka ga ka ajiye maganarka kenan don gaba.

Direbobin haya da masu adaidaita, saƙon da ba ku buɗe kun gani ba kar ku ɗauka, ko na waye.

MATAKI NA 3: "KAWO WAYARKA"

Nan ne matasa suka fi shan wahala. Wayarka tana ƙarƙashin sirrin sashe na 37, kuma ita rundunar 'yan sanda da kanta ta hana wannan ɗabi'ar, a watan Oktoba 2020 Sufeto Janar na lokacin Mohammed Adamu ya fitar da umarnin hana binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a hanya, kwanaki kaɗan kafin a rushe SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, ranar 11 ga watan, waɗanda suka biyo bayansa ma sun maimaita. Saboda haka in ya ce buɗe masa WhatsApp ko hotuna ko manhajar banki, ka ce "Yallabai ka yi haƙuri, in ana zargina da wani abu mu je ofis a yi a rubuce gaban DPO". Ka bambance abu biyu, karɓar waya a matsayin hujja in an kama ka da wani zargi takamaimai, wannan suna iya yi kuma za a rubuta ta cikin kayanka, da kuma tsayawa a bakin titi ana shafa hotunan iyalinka ana neman abin kamawa, wannan ba shi da gindi.

In an fi ƙarfinka, wurin ba kowa, dare ne, ga bindiga, toh kar ka yi kokawa a kan waya, ranka ya fi ta. In ma tilasta maka aka yi ka tura kuɗi, ka tura ta banki maimakon ka ba da tsaba, kar ka goge alat ɗin, sunan asusun da lokacin da aka tura sun fi shaidu goma. In POS aka kai ka ka riƙe 'yar takardar, ka lura da shagon.

Ɗaukar bidiyo kuma, masu magana da yawun rundunar sun sha faɗa cewa ba laifi ba ne ka ɗauki ɗan sanda yana aikinsa a bainar jama'a, amma shawarata wanda aka tare kar ya zama shi ne mai ɗauka, wani na gefe ya ɗauka daga nesa ya tura wa wani nan take.

MATAKI NA 4: SUN ZO GIDA

Wannan zan ɗan daɗe a kai saboda nan ne ake kuskure mai tsada. An buga ƙofa an ce 'yan sanda ne, ka fito soro ko ƙofar gida ka same su, ka ja ƙofa a bayanka, ka gaishe su, ka ce "Yallabai akwai takardar bincike?". Ita takardar, waranti kenan, alƙali ko majistare ne ke sa mata hannu bayan an yi rantsuwa a gabansa. Ka karɓa ka karanta, ko ka ba wanda ya iya. Abu uku zaka duba, adireshin gidanka ne ko na maƙwabci, me aka rubuta ana nema, akwai sa hannu da hatimin kotu. Takardar gayyata zuwa ofis ba waranti ba ce, takardar ƙorafin da wani ya rubuta a kanka ma ba waranti ba ce, na sha ganin ana kaɗa irin waɗannan daga nesa ana cewa ga takarda.

Kar ka ce musu ai yau Lahadi ce ko ai dare ya yi, ACJA ta ce ana iya aiwatar da waranti kowane lokaci a kowace rana har ranar hutu. Kuma in takardar ta inganta dole ka buɗe, in ka ƙi suna da ikon fasa ƙofa, asarar taka ce.

Kafin su shiga ka yi abu uku. Ka aika yaro ya kira mai unguwa ko liman ko maƙwabta biyu dattawa, dokar ta tanadi a yi binciken gaban shaidu biyu kuma kai mai gida ko wakilinka kuna da damar tsayawa a wurin. In dare ya yi nisa ba mai fitowa, toh ko ɗan haya ne ko maigadin layi, in duk babu ka kira wani a waya ka bar ta a buɗe yana ji. Na biyu ka nemi a ba mata lokaci su kintsa, wannan ba alfarma kake roƙo ba, dokar da kanta ta ce in wurin na macen da bisa al'ada ko addini bata fita cikin maza ne, sai an sanar da ita an bata damar janyewa kafin a shiga, wato "ba shiga" ɗin da muke rubutawa a ƙofa yana da ƙafa a doka, amma damar kintsawa ce kawai ba ta hana binciken ba. Na uku ka roƙi masu shiga su nuna hannuwansu da aljihunsu gaban shaidu, ka ce "Yallabai don zuciyar kowa ta kwanta ne".

Suna ciki, ɗaki ɗaya bayan ɗaya, kana biye. Duk abinda suka ɗauka sai an rubuta shi a takarda an sa hannu, ka nemi kwafinka, in sun ce ba kwafi ka ɗauki hotonta ko mai unguwa ya kwafa da hannunsa. Kuma rubutun ya zama dalla-dalla. Wani bawan Allah da muka yi wa aiki ya sa hannu a takardar da aka rubuta "waya 4, kuɗi", shikenan, ba iri ba adadi, ranar karɓar kaya aka turo masa ƙananan wayoyi masu tocila guda huɗu a leda, biyu ma ba batir, yana rantsuwa da Allah nasa manya ne, aka nuna masa sa hannunsa a ƙasa, ya tsaya yana kallon takardar kamar yau ya fara ganinta. Ka sa a rubuta sunan kamfanin wayar da launinta, kuɗi a ƙirga gaban shaidu a rubuta adadi, gwal a faɗi guda nawa ne.

In basu da waranti fa? Kana iya cewa baka amince ba, su je su samo. Amma ka sani akwai inda basa buƙatarta, misali in suna bin wanda za su kama ya faɗa gidanka, sannan dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta ba da damar shiga bincike ba waranti in akwai dalilin zargin harkar ƙwaya. In sun dage za su shiga ka koma kan maganar nan ta ɗazu, ka faɗa gaban shaidu baka yarda ba, ka matsa gefe, ka bi su da ido.

MATAKI NA 5: AN CE AN KAMA KA

Ka tambayi laifin, dole a faɗa maka, kuma tsarin mulki ya ce cikin awa 24 a baka dalilin a rubuce da yaren da kake ji. Ka tambayi ofishin da za a kai ka ka faɗa wa na kusa da ƙarfi, ko mai shayin bakin layi ne, ka ba shi lambar nan da ka haddace. Sanar da danginka ma aikinsu ne a doka kuma kyauta. Ankwa ba a sa wa mutum ita haka kawai sai in ana tsoron zai yi faɗa ko zai gudu ko kotu ta ce, amma in sun sa kar ka yi gardama a kanta.

Abu biyu da aka haramta kuma har gobe ana yi. Kama wani a madadin wani, a zo neman ɗa a tafi da uba ko mata ko ƙani wai sai ya kawo kansa, sashe na 7 na ACJA ya hana, dokar 'yan sanda ma ta hana. Sai kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki zalla, sashe na 8 ya hana, wannan maganar kotu ce. Sai dai masu kai ƙara sun gano hanya, sai su rubuta "zamba da cin amana" bashin ya koma laifi, saboda haka in kana da takardar yarjejeniya ko shaidar ka fara biya, a kawo ta tun ranar farko.

MATAKI NA 6: BAYANI A RUBUCE

Ɗan sanda mai bincike, IPO, zai kawo takarda ya ce ka ba da sitetimen. Sunanka da adireshinka ka faɗa, sauran kana da damar cewa "zan yi bayani in lauyana ko ɗan uwana ya zo". ACJA sashe na 17 ta ba da damar a ɗauki bayanin gaban lauyanka, in babu gaban jami'in hukumar Legal Aid mai ba da lauya kyauta, ko wani mutum da ka zaɓa. In baka jin Turanci sai an kawo tafinta ya karanta maka da Hausa shi ma ya sa hannu. Kar kunya ta sa ka ce kana ji alhali rabi kake tsinta, kalma ɗaya tsakanin "na karɓa" da "na ɗauka" tana iya kai mutum gidan yari.

Kar ka sa hannu ko ka dangwala a farar takarda. Kar ka sa hannu a abinda ba a karanta maka ba. In an gama ka ja layi a ƙarƙashin kalmar ƙarshe don kar a ƙara wani abu a filin da ya rage. Kuma kar daɗin baki ya ɗauke ka, "kawai ka amsa mu sallame ka yanzu", wanda ya amsa shi ne baya tafiya.

In duka aka yi maka har ka sa hannu, ba shikenan ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai yi, kuma kotu bata karɓar amsa laifin da aka samo da tursasawa. Ka faɗa wa lauyanka da wuri, ka faɗa wa majistare ranar farko da aka kai ka gabansa, ka nuna masa tabon tun bai warke ba.

MATAKI NA 7: BELI DA ƘIRGA AWANNI

Wannan na 'yan uwan da ke waje ne. Ku rubuta lokacin da aka kama shi. Tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da zata iya sauraro a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu ko abinda kotu ta ga ya dace. Laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai ko fashi da makami, ba ya cikin wannan lissafin kuma belinsa ba na caji ofis ba ne. Suna kuma iya zuwa gaban majistare su nemi a tsare shi, karon farko bai wuce kwana 14 ba. Ku yi hattara da kamun yammacin Juma'a, in baku motsa a daren ba sai Litinin.

Beli kyauta ne, a bango ma an rubuta, duk mun san abinda ke biyo baya. Ku je da mai tsayawa mai adireshi sananne da katin shaida da ƙananan hotuna biyu, ku rubuta takardar neman beli zuwa ga DPO ku riƙe kwafi. Mace tana iya tsayawa beli, ACJA ta hana a ƙi ta don kawai mace ce, in an ce "sai namiji" ku nemi ganin DPO. In an faɗi kuɗi, ku ce cikin sanyi "toh Yallabai za a bamu rasit?", sau da yawa farashin yana narkewa daga nan. In an ƙi kuma awa 24 ta wuce, lauya zai iya sanar da kotu ta sa a kawo shi. Mutum ɗaya ko biyu su riƙa magana, kar dangi ashirin su cika harabar kowa da tasa.

MATAKI NA 8: BAYAN KA FITO

A ranar, kafin ka yi barci, rubuta komai, ƙarfe nawa, a ina, su nawa, sunaye, lambar mota, wa ya gani, me aka ce, me aka ɗauka. In da rauni ka ɗauki hoto ka je asibitin gwamnati ka karɓi rahoton likita. Sannan ka zaɓi ƙofa daidai girman abin. Ƙaramin abu, DPO ko Kwamishinan 'yan sandan jiha ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015, suna karɓa ta waya da WhatsApp, ka ɗauki lambarsu daga shafin rundunar na gaskiya. In ya fi haka, Hukumar kula da ayyukan 'yan sanda da Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi kuma bata karɓar kuɗi. In tsarewa ce ba bisa ƙa'ida ba ko duka, lauya zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46, kuma sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Gaskiya cin shari'ar ya fi karɓar kuɗin sauƙi, ka shirya jira.

Duk inda zaka kai takardar ƙorafi ka yi ta kwafi biyu, ka haɗa da fotokwafin alat ko rahoton likita, na asalin ya zauna a gida, ka miƙa ɗaya ka tsaya a wurin har sai mai karɓa ya buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar. In ya ce hatimin yana wajen oga kuma oga ya fita, ka ce ba komai zaka jira, ka nemi benci ka zauna.